Motar Baba da Muka Rufe Wata Huɗu

Shekarun baya, a daminar da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, aka ba ni amana guda ɗaya tak. Ba gida aka ce in riƙe ba, ba gona ba. Mota ce a ajiye, ba inda za ta, kuma abin da aka nema daga gare ni kawai shi ne kar a taɓa ta. To jama'a, wannan ɗan aikin ne ya fi ƙarfina. Yau na ga ya kamata in ba ku labarin, tunda mai amanar ta daɗe da yafe mini.

Duk wanda ya san Tamale ya san garin babur ne. Tsoho a babur, mai goyo a babur, liman a babur. Ni ma babur ɗina nake hawa daga gidana a Dabokpa zuwa shagona na yadi a kasuwa. Mahaifina ne ya fita daban a zuriyarmu, yana da wata tsohuwar mota mai ruwan toka, ta girme wa auren wasunmu, amma kullum tana sheƙi. A gidanmu na gado da ke Tishigu ya yi mata rumfar kwano a jikin katanga, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin mahaifiyata. Shi yake wanke ta da hannunsa. Ni da nake babban ɗansa, da lasisina da komai, sau biyu ya taɓa bari na riƙe sitiyarin, kuma duka biyun yana gefe yana ta salati kamar rami zan jefa mu. Mutum ɗaya ce take da kujera a motar nan ba tare da an yi mata sharaɗi ba, ita ce mahaifiyata. Duk Juma'a bayan masallaci zai ɗauke ta su zaga dangi, ita a gaba, shi yana tauna goro yana tafiya a hankali har masu keke su wuce shi.

Rasuwar tasa ba jinya. Ya fita da safe lafiyarsa lau, ya dawo wajen azahar, ya shigar da motar rumfa, ya kulle, ya shiga gida zai yi alwala, ya ce ƙirjinsa. Kafin la'asar an gama.

Kun san yadda gidan rasuwa yake a wurinmu. Dangi daga ko'ina, wasu ma sai a lokacin ka san da su. Ɗakin Baba aka buɗe wa baƙi maza, aka share, aka shimfiɗa tabarmi. Matan dangi kuma, da niyyarsu ta alheri, suka kwashe kayan sawarsa kaf suka wanke, suka goge, aka ɗaure don sadaka. Ba wanda ya tambayi mahaifiyata, ita kuma tana zaune a ɗaka cikin mata, ta fara takaba, ba bakin magana.

Bayan addu'ar bakwai, da gida ya ɗan sarara, ta aika a kira ni. Na same ta a kan darduma. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro makullin motar.

Ta ce, "Na shiga ɗakinsa jiya. Babu shi a ciki. Warin sabulu ne da ƙafafun mutane."



Ta ce, "Motar nan shi ne na ƙarshe da ya rufe ƙofarta. Ƙamshinsa yana ciki. Kar ka bari kowa ya buɗe ta, kai ma kar ka buɗe. Ranar da na fita takaba, kai za ka tuƙa ni in je bangajiya. Ina so in shiga in same shi."

Na gane abin da take nufi sarai. Mahaifina yana da ƙamshi nasa na kansa, turaren mai da yake shafawa, da goro, da man zafin da yake murza wa gwiwarsa, duk sun haɗu sun kama kujerun motar nan. Ko ido a rufe aka sa ka a ciki ka san motar waye. Na karɓi makullin da hannu biyu, na ce, "Mma, in sha Allahu ko ƙuda ba zai shiga ba." Ku dai riƙe wannan alkawari nawa.

Washegari na tashi da himma. Na sayo tampol sabo fil, mai kauri, na lulluɓe motar tun daga sama har ƙasa, na jera duwatsu a gefe-gefe don kar iska ta ɗaga. Na ja da baya na ƙare wa aikina kallo, na ji a raina ba ɗan da ya kai ni.

Ina da aboki tun na makarantar allo, fita ne, wato mai gyaran mota, garejinsa na Kaladan. Ya zo gaisuwa ya ga abin da na yi, sai ya tsaya yana shafa kai.

Ya ce, "Wannan fa? Gawa ce ta biyu?"

Na yi masa bayani. Ya ji, ya tausaya, amma ya ce, "Cale," wato aboki a bakinmu na Gana, "ka ji maganata. Mota ba ta son zama. Duk sati ka tashe ta ko na minti goma ne, ka matsar da ita kaɗan. Kuma ka ɗage tampol ɗin nan daga ƙasa, haske ya shiga. Damina ce. Duk abin da ruwa ya kora daga rami, wuri mai duhu mai ɗumi yake nema."

Na ce, "In tashe ta ai sai na buɗe ƙofa."

Ya ce, "Eh mana, ta taga za ka shiga?"

Na ce masa ai shi ƙarfe kawai ya sani, bai san amana ba. Wallahi haka na faɗa, har da ɗaga hanci. Ya dube ni, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau babur ɗinsa.

Kuskure na biyu kuma, kyanwa. Mahaifiyata tana da wata jar kyanwa, ta tsufa a gidan, kuma tun Baba na raye wurin kwananta rumfar motar ne. Yanzu da ta samu tampol sai ta mai da shi katifa, ta hau ta yi miƙa, ta kafa farce. Na zo wata rana na ga 'yan ƙananan huji a sama. Raina ya ɓaci. Na ce yanzu ruwa zai bi nan, ko ƙamshin ya bi nan, ni dai ban ma san me nake tsoro ba. Na kama ta na sa a kwali na ɗaure a bayan babur na kai ta gidana Dabokpa, na ce wa mahaifiyata yara ne suke son ta. Mai gadin da yake aiki shekara da shekaru ba albashi, ni da hannuna na ɗauke shi na kai shi hutu.

Daga nan sai kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum kafin in wuce kasuwa zan biya Tishigu in gai da mahaifiyata, in kai mata koko da ƙosai, in leƙa rumfa in ga duwatsu na nan yadda na jera su. Sau da yawa in na shigo zan same ta zaune a bakin gado ta fuskanci taga, tasbaha a hannu, tana kallon tampol ɗin nan. Ba ta cewa komai a kai, ni ma ba na cewa. Ciyawa ta fito ta kewaye rumfar, ta yi tsawo, ban sa an nome ba, don ba na son kowa ya matso kusa da fartanya ya karce fenti.

A cikin wata na huɗu, wata maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi ta tare ni. Ta ce, "Ɗan Alhaji, ɓerayen gidanku sun fi na kowa ƙiba. Jiya na ga uku sun bi juna sun shige ƙarƙashin tampol ɗin can."

Nan da nan na ba kaina haƙuri. Mota ƙarfe ce, ƙofofi a kulle, gilas a rufe, ta ina ɓera zai shiga? Iyakarsa ya fake a ƙasa. Duk da haka na ce bari in yi maganinsu. Da na kira abokina ya fi, amma kunyar abin da na faɗa masa ta hana ni. Na shiga kasuwa na sayi maganin ɓera, mai sayarwa ya rantse mini cewa wanda ya lasa ba ya kwana. Na daka da busasshen kifi, na zuba a murafan gwangwani, na tura ƙarƙashin tampol, gindin kowace taya. Da na dawo washegari murafan tas, kamar an wanke. Na sake zubawa. Aka sake cinyewa. Kwana uku ina ciyar da su, ina murna. Ban ga gawa ko ɗaya ba, na ce ai sun je can sun mutu a gidajensu. A nan kam ban yi ƙarya ba, gidan ne ban sani ba.

Bayan 'yan kwanaki na fara jin wani ɗan wari in na zo wucewa ta rumfar. Na ɗora wa kwatar layinmu laifi, don da damina ba ta da dama.

Saura kwana takwas mahaifiyata ta fita takaba, dole ta sa na sauke girman kai na je Kaladan. Na ce wa abokina ya zo ya duba batir, ya ba tayoyi iska, don ranar nan ba na son motar ta ba ni kunya. Na ce, "Amma bonet kawai za ka buɗe. Ciki ba a taɓawa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai ɗan mai mota ne kuwa? Abin da ake ja bonet ya buɗe yana ina? Ciki yake, gefen ƙafar direba."

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Muka yi shawara. Zan buɗe ƙofar direba kaɗan, daidai shigar hannu, shi ya zura ya ja, in mayar in rufe da sauri kafin ƙamshin ya fita. Har gwaji muka yi a wata mota a garejinsa, manya da mu, da gemu.

Da hantsi muka isa Tishigu. Na leƙa na ga mahaifiyata tana can tsakar gida ana yi mata tsifa, na ce yauwa. Muka kwashe duwatsu, muka ja tampol. Abin da na fara gani shi ne gilasan sun yi duhu daga ciki, kamar an shafa musu wani abu. Na matsa kusa. Abin yana motsi. Ƙudaje ne, manya, koraye, sun lulluɓe gilas ɗin.

Abokina ya ce, "Innalillahi. Cale, me ka ajiye a ciki?"

Na sa makulli. Maganar buɗewa kaɗan ma ba ta taso ba, don ina jan ƙofar abin ya buge ni a fuska. Jama'a, na je mayanka, na wuce juji da damina, na taɓa shiga shagon da firiza ta lalace da kifi a ciki. Ban taɓa jin wari irin wannan ba. Na rarrafa gindin katanga na amayar da kokon da na sha tas, ƙudaje suna fita ta kaina.

Da na iya miƙewa na ɗaure hanci da hankici na leƙa. Kujerar direba, inda Baba ya zauna shekara da shekaru har ta ɗauki siffar jikinsa, an huda ta, soso ya tarwatse ko'ina. Kashin ɓera ya rufe kafet baƙi ƙirin. Tasbahar da yake ratayewa a madubi an yanke zarenta, 'ya'yan sun watse a ƙasa. Dardumarsa da ke kujerar baya saura rabi. Ga gawarwaki, ɗaya a kan kujerar mahaifiyata ta kumbura, biyu a ƙarƙashin birki, wata ta maƙale a bututun da iska ke fitowa, wutsiya kawai ake gani. Ni dai salati kawai nake, ba na ma jin abin da nake faɗa.

Abokina ya zagaya ya buɗe but, wato wurin kaya na baya. Sai ya kira ni da wata irin murya. Buhu ne, ya saki ya kwanta, ba komai a ciki sai ɓawo. Ashe fitar da Baba ya yi ranar da zai rasu, irin gyaɗa ya je saya, na shukar bana. Buhu guda cur. Bai kai ga saukewa ba ajali ya zo, kuma ba wanda ya sani. Wata huɗu na rufe ɓeraye da buhun gyaɗa, na yi musu rufi, na kore musu kyanwa, na hana a nome musu ciyawa, sannan daga ƙarshe na kashe su a ciki.

Amma abin da ya karya ni yana bayan kujerar baya, wurin gilas. Hular Baba ce, wadda ya cire ya ajiye ranar saboda zafi. Hular mutum ita ta fi komai riƙe ƙamshinsa. Sun tsefe ta zare-zare sun yi sheƙa a ciki, ga 'ya'yansu jajaye, ban san guda nawa ba, duk sun mutu. Na zauna a ƙasa cikin ciyawar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Abokina, Allah ya saka masa, bai ce mini ai na faɗa maka ba. Ya buɗe bonet ya duba, ya ce wayoyi sun ci kusan rabi, sun huda tiyon ruwa, sun yi wata sheƙar a kan inji. Ya nuna mini inda suka bi, wata 'yar kafa da wayoyi ke ratsawa daga inji zuwa ciki, ko babban yatsana ba zai shiga ba. Ya ce, "Ɓera in kansa ya wuce, jikinsa ya wuce."

Na ce, "Za ta tashi nan da kwana takwas?"

Ya ce, "Tashi za ta tashi. Wannan aikina ne. Ɗaya abin da kake nema ne ba ni da shi a gareji." Sai ya ƙara da cewa, "Je ka faɗa wa Mma yanzu."

Kun san dai ban je ba. Mutumin da ya yi kuskure uku, na huɗu ba ya yi masa wuya. Na ɗauki tampol ɗin na ɗaure shi a tsaye tsakanin rumfa da tagar ɗakinta, na shiga na ce mata shanya shi na yi, ya yi danshi, kuma abokina zai ɗan duba inji, inji kawai. Ta dube ni, ta ce, "To."

Kwana bakwai ban buɗe shago ba. Abokina ya bar garejinsa ya tare a rumfar nan, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana haɗawa. Muka kwance kujeru muka ɗora a motokin, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, aka kai wa mai ɗinkin kujera, na roƙe shi ya nemo yadi mai kama da na da. Muka cire kafet muka ƙone. Da abokina ya kwance gaban motar, wurin agogo, sai ga wasu gawarwakin a cikin bututun iska. Na daina ƙirgawa a goma sha ɗaya. Na wanke cikin motar nan da sabulu da ruwan zafi har fatar hannuna ta saɓule. Na zuba gawayi a kwanuka na jera, na yanka lemun tsami, na yi turaren wuta, na bar ƙofofi a buɗe rana ta gasa. Duk muna yi muna raɗa kamar ɓarayi, tsakaninmu da tagarta taku uku.

Ranar ƙarshe motar ta tashi. Warin ya tafi, sai dai in ka kafa hanci sosai. Na tsinci 'ya'yan tasbahar da na samu, na wanke, na sa aka shirya su a sabon zare na mayar madubi. Sannan na je wurin tsohon da Baba yake sayen turare a hannunsa kusa da babban masallaci, na ce ya ba ni irin na Alhaji. Na dawo na bi kujeru da shi, na bi rufi, na bi sitiyari. Na sayi goro na ɓare na tura ƙarƙashin kujera, na lakaci man zafi na shafa a gefen ƙofa. Na rufe, na bar ta ta kwana. Da safe na buɗe na shaƙa, na ce wa kaina ai kuwa ya yi kama.

Ranar fitar takaba gida ya cika da mata. Aka yi addu'a, aka raba sadaka. Wajen ƙarfe goma mahaifiyata ta fito cikin sabuwar atamfa, ta rame, ta yi haske. Wata huɗu da kwana goma ke nan rabonta da taka ƙofar zaure. 'Yan'uwanta suka taso za su raka ta, ta ce a'a, su biyo daga baya, ita da ɗanta za su fara yin gaba.

Na buɗe mata ƙofar gaba. Ta yi bisimilla ta shiga, ta ja ƙofar da kanta. Na zagaya na shiga, na rufe. Ta lumshe ido, ta ja numfashi a hankali, sau ɗaya. Ta daɗe a haka. Ta shafa kujerar da tafin hannunta, ta ɗaga ido ta dubi tasbahar.

Ta ce, "Ka zuba da yawa."

Na ce, "Na'am, Mma?"

Ta ce, "Turaren. Shi ɗigo biyu yake sawa, ɗaya a hula, ɗaya a gemu."

Shi ke nan, bakina ya ɓalle. Na faɗa mata komai, tampol, kyanwa, gyaɗa, guba, hula. Ina faɗa ina kuka ina ba ta haƙuri, na ce na ci amanarta, abu ɗaya ta roƙe ni a duniya na kasa. Ta bar ni har na gama.

Sai ta ce, "Na sani."

Na ɗago.

Ta ce, "Tun kafin addu'ar arba'in nake jin su. In gida ya yi tsit ina jin suna guje-guje a ciki, suna ɓare wani abu. Taga ce fa tsakanina da su. Warin ma na riga ka ji."

Wannan ya fi buɗe ƙofar nan girgiza ni. Na ce, "Mma! Kin sani? Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Da tun lokacin an ceci abin da za a ceta!"

Ta ce, "In na faɗa maka, za ka buɗe."



Ta ce, "Muddin tana rufe, ina iya zama a bakin gado in dube ta in ce yana ciki. Da wannan na yi takabar. In ka buɗe, me zan kalla?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba kai kaɗai ka yi ba, ni da kai muka yi. Sauke gilas ɗin nan, turarenka zai sa mini ciwon kai. Mu je, mutane na jira."

Na sauke gilas huɗun, na tada mota, muka fita. Gida goma sha wani abu muka shiga ranar, tana gaisawa da mutane tana godiya, ba ta sake tada maganar ba, kuma har yau ba ta sake ba.

Tun daga lokacin na zama malamin ɓera na dole. Duk wanda na ji zai yi tafiya ya bar mota, ko aikin Hajji ne ko jinya, sai na tare shi. In ce ya buɗe but da ko'ina ya tabbata ba ƙwayar abinci ko ɗaya, ko ɓawon gyaɗa ne. Ya ba wani makulli ya riƙa tashinta duk sati yana matsar da ita. A nome ciyawar da ke kewaye, kar a ja rufi har ƙasa, in da kyanwa a bar ta ta yi kwanciyarta. In ɓera ya riga ya zo, tarko, ba guba ba, don wanda ya ci guba gida yake komawa ya mutu. Wasu su yi godiya, wasu su ce wannan mai yadin me ya sani a mota. Ba na jin haushi, ni ma haka na yi wa wanda ya fi ni sani.

Abin da ban cika faɗa musu ba shi ne wanda ya rage mini. Na yi zaton mahaifiyata ce kaɗai za ta yi asara in ƙamshin nan ya tafi, ban san ni ma ina da rabo a ciki ba. Ita ta samu wata huɗunta, ta kalli motarta a rufe har zuciyarta ta yi ƙarfi. Ni ne na buɗe ƙofar. Muryar mahaifina tana kunnena har gobe, fuskarsa ma ina gani, da yadda yake gyara hula in zai yi faɗa. Amma duk lokacin da na rufe ido na nemi in tuna ƙamshinsa, ɗaya warin ne yake zuwa.